Ranar Da Inna Kulu Ta Fita

Direban ya ƙi kashe mota. Yana tsaye a ƙofar gida, inji na ta diri, yara sun kewaye shi, shi kuwa sai leƙen zaure yake yi. A cikin gida Inna Kulu na kwance bisa tabarma, Mansura ta manna mata wayoyi a ƙirji da wuyan hannu da idon sawu. 'Yar na'urar awon zuciyar da wayoyin ke haɗe da ita ta fito da takarda mai zane kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mansura ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ɗago ta kalli Barakatu, 'yar Inna Kulu, wadda ta baro ɗakinta a Ƙarfi ta zo jinya.

"Yaushe ciwon ya fara kama ta tana zaune?"

"Tun wancan satin," in ji Barakatu. "Da sai ta yi daka ko ta ɗebo ruwa. Yanzu ko tasbihi take ja sai ki ga ta dafe ƙirji, gumi ya karyo mata. Har hannun hagu take ji, har muƙamuƙi."

Mansura ta fara naɗe wayoyinta. "Yau za mu tafi da ita. Ban ce gobe ba."

Mansura nas ce. Tana aiki da wasu likitoci a wani asibiti a Funtua, masu bincike kan mutanen da jijiyoyin zuciyarsu suka tsuke. Bara suka gano cewa abin da Inna Kulu ta yi shekaru tana sha wa kanwa da sunan gyambon ciki, zuciya ce. Suka yi mata bayani, ita da mijinta Malam Rabe, cewa akwai sabon magani da ake gwadawa, ko zai hana jijiyar da ta tsuke toshewa gaba ɗaya. Suka amince. Aka ba ta na'urar awon jini ta ajiye a ɗaki, duk wata kuma Malam Rabe ya goya ta a babur daga Maska, a duba ta, a ba ta ƙwayoyi.

Sai aka yi abin nan da ba a zata ba. Mai ciwon tana nan, mai kai ta ne ya tafi. Tirela ta bi ta kan Malam Rabe da daminar nan, Inna Kulu ta shiga takaba, asibiti suka daina ganinta. Shi ya sa Mansura ta biyo sawu.

*

Alhaji Maitama, wan mamacin, yana zaure yana kallon lebura na ɗinke buhunan masara. Masarar Malam Rabe ce. Ko sadakar arba'in ba a yi ba ya sa aka shiga gonar, wai don kada ɓarayi su riga marayu. Har yau marayun ba su ga ko tiya ɗaya ba.

Mansura ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani a hankali: jijiyar ta kusa rufewa, abin da za a yi mata sai a asibiti, ga mota, ko sisi ba zai biya ba.

Ya bari ta gama, sannan ya tofar da tuƙar goro. "Malama, mai takaba ba ta fita. A gidan nan ba a taɓa yi ba, ba kuwa a kaina za a fara ba."

"Baba, na je wurin Liman," in ji Barakatu daga bakin ƙofa. "Ya ce in don magani ne babu laifi, ta je ta dawo."

"Liman ɗin ne za a nuna da baki ranar kasuwa? A ce ƙasar kabarin ɗan'uwana ba ta bushe ba, matarsa na cikin mota tana yawon Funtua, ƙatti na buɗe mata ƙirji?" Ya juya ga Mansura. "Ku ma ai gwaji kuke yi da ita, kamar sabon taki. An ce wasu ma ƙwayar banza kuke ba su."

"Alhaji, kowa yana kan maganinsa na asali, sabon ƙari ne. Kuma ko yanzu ta ce ta fita daga binciken, ta fita. Ni dai ranta nake roƙo."

"Rai na Allah ne."

Ai kuwa na Allah ne. Amma wannan bawan Allah da ya faɗa, ko ciwon haƙori ya taɓa shi sai an ɗauko shatar mota zuwa Zariya. Barakatu ta dube shi, babbar riga ta sha sitaci, bakin ja wur da goro, ta ji ƙyamarsa. Ta kau da kai, domin wan uba ne.

Mansura ba ta haƙura ba. Ta koma ɗaki ta zauna kusa da mai ciwon. "Inna, jikinki ne. Ke aka tambaya da farko, ke za a tambaya yanzu. In kin ce mu tafi, ni da Barakatu za mu riƙe ki mu wuce ta gabansa."

Inna Kulu ta daɗe tana kallon rufin ɗakin da ta shekara talatin a ciki. Ƙannen Barakatu uku suna makaranta. Gona tana hannun Alhaji, ɗakin ma a filinsa yake.

"'Yata, fita ba wuya," ta ce. "In na fita, ta wace ƙofa zan dawo? Saura kaɗan. Mai haƙuri ai shi ke dafa dutse ya sha romonsa."

Mansura ta bar mata ƙwayoyin da ake sa wa ƙarƙashin harshe, ta ce kada ta ɗaga ko buta, ta ba Barakatu lambar wayarta. Motar ta juya da kujerar baya babu kowa.

*

Barakatu ta sake zuwa wurin Liman. Ya ce zai yi wa Alhaji magana, amma Alhaji ne ya sa wa masallaci kwano, maganar ba ta wuce gaisuwa ba. Ta je wurin dattawan gidan, kowa ya ce gaskiya ce da ita, kowa ya ce ta yi haƙuri. Mansura ta sake dawowa da likita mace, aka ce musu Alhaji ya tafi Musawa cin kasuwa, kuma ba a yanke magana a bayansa.

Ana saura 'yan kwanaki a fita takaba, har an auno geron sadaka an kai niƙa. Da hantsi Inna Kulu tana zaune a inuwa tana tsince wake. Ta ce, "Barakatu, ɗan ba ni ruwa." Kafin a kawo moɗa, faifan ya kife.

Bayan azahar aka fito da ita. Ta bi ta tsakar gida, ta bi ta zauren nan, ta wuce buhunan masara, ta fita titi da rana tsaka, duk garin na kallo. Babu wanda ya ce mai takaba ba ta fita. Alhaji Maitama ne a gaban makara, yana share hawaye da hannun riga, mutane na cewa kai, wannan mutum akwai zumunci.

*

Ran sadakar uku Mansura ta zo gaisuwa. Barakatu ta rako ta, suka tarar zaure cike da maza. An ɗauko na'urar awon jinin daga ɗakin mamaciya, ana ta zagayawa da ita hannu zuwa hannu, wannan ya auna ya miƙa wa wancan, ana 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Har da tsumman atamfar da Inna Kulu take naɗe ta a ciki don ƙura, wani ya shimfiɗa shi ya ɗora goro.

"Yawwa, Malama, gara da kika zo," in ji Alhaji Maitama, yana naɗe hannun riga. "Tun shekaranjiya nake jin ƙirjina wani iri. Na ce tunda yanzu gurbi ya samu a wannan binciken naku, ko za ki sa sunana? An ce har mota kuke turowa."

Mansura ta dubi tsumman nan da aka ɗora wa goro.

Alhaji ya zura hannu a na'urar, ya danna maɓalli. Na'urar ta yi ƙara, ta matse damtsensa, ta riƙe, sannan ta saki a hankali. Wani ya leƙa lambobin, ya ce, "Alhamdulillahi, Alhaji, lafiyarka ƙalau."