Kwana Tara Ban Faɗa Ba

Ni ne mai tsaga akaju a magazen Kawu Muktar, wato sitonsa na ajiyar kaya, da ke Jugu. Akaju shi ne abin da mutanen Najeriya suke ce wa kashu. Aikina ba shi da wuya a ido. Idan manomi ya kawo buhuna daga Partago ko Seru, in ɗebi kilo ɗaya, in tsaga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da almakashi, in ware mai kyau da mai tabo da wanda ƙwaro ya ci. Buhun da ya yi mini, sai in ja masa layi biyu na jan fenti a kunne. Shi ke nan.

Wanda ya koya mini wani mutumin Biyetnam ne, Musyu Tam. Kamfaninsu ne ke sayen akajun Kawu, shi kuma ake aikowa ya duba kaya. Kaka uku muna zama benci ɗaya da shi. Faransancinsa a karye yake, nawa ma haka, shi ya sa muka fahimci juna da sauri. Bai iya faɗin sunana Ɗan'auta ba, sai ya ce Ota. Da zai tafi a shekara ta biyu ya bar mini almakashinsa mai baƙin hannu. Yakan nuna mini hotuna a wayarsa: tsohuwarsa, wani kogi mai faɗi, da wata bishiya mai furanni ruwan ƙwai da suke sawa a ƙofar gida ranar babban bikinsu. Ya ce mini, "Ota, wata rana za ka zo ka gani." Wataƙila magana ce kawai irin wadda baƙo ke yi. Ni dai na ɗauke ta na ajiye.

Cikin watan Disamba takarda ta zo daga kamfanin. Suna gayyatar mutum ɗaya daga gidan Kawu ya je ya ga inda ake fasa akajunmu, a duk lokacin da ya ga dama cikin shekara. Kawu ya sa aka kira ni Paraku. A mota ina ta tunanin ko rigar da zan sa. Da na isa gidansa a Zongo, na tarar da shi a zaure tare da ɗansa Adnan, taubashina, wanda muka tashi tare tun muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Kawu ya ce, "Adnan ne zai je. Shi ya yi iniversite, shi ke jin Ingilishi. Na kira ka ne don kai ka san mutumin."

Na ce, "Allah ya sa alheri." Na faɗa da ƙarfi, kuma na riga kowa, don kada wani ya tsaya kallon fuskata. Adnan bai taɓa tsaga akaju ko ɗaya ba. Ya san shi ne soyayye, cikin kwalba.

Washegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida don a zaɓi lokaci. Adnan na riƙe da waya yana karanto mana.

"Kudancin ƙasar zan je. Daga Mayu zuwa Nuwamba ruwa suke yi, kamar damina."

Hajiya Safiyatu, mahaifiyarsa, ta dafe ƙirji. "A'a. Na ga bidiyonsu, mutane kan rufin ɗaki, shanu na iyo. Ɗana ba zai je cikin ruwa ba."

Kawu ya ce, "Daga Maris zuwa Yuni kuwa kakar akaju ce, ba wanda zai motsa daga gidan nan. A farkonta kuma ga azumi."

"To ai an gama," in ji Adnan. "Ƙarshen Janairu. Ba ruwa, ba zafi sosai. Nan ma an rubuta, shi ne lokacin da ya fi daɗi. In yi kwana goma in dawo kafin azumi."

Kawu ya ƙirga da yatsa. "Ke nan za ka sauka kwana biyu kafin tsayuwar watan Sha'aban."

Da ya ce Sha'aban sai na ji wani abu ya taɓa ni. Babban bikin su Musyu Tam da wata yake tafiya, kamar sallarmu. Bara ranar da watan Sha'aban ya tsaya ya turo mini hoton bishiyar nan mai furanni, kuma da na tambaye shi ya ce bana ma haka zai faɗo. Ya sha gaya mini yadda ake yi. Kamfani a rufe, direbobi sun tafi, masu fasa akaju kowa ya koma ƙauyensu, har fiye da mako. Shi kansa yakan yi tafiyar yini guda zuwa wurin tsohuwarsa. Yana haɗa hannuwansa biyu kamar mai rufe ƙofa ya ce, "Tout fermé, Ota." Komai a rufe.

Da a wani gida ne, da an kira mai masauki an gaya masa rana, shi kuma ya ce a'a. Amma gidan Kawu ba a faɗin ranar tafiya. Tun kakanninsa suna fataucin goro haka suke, sai an wayi gari a ga mutum ba ya nan. Hajiya ta sake tunatar da mu.

"Kada in ji wannan rana a bakin kowa. Ko shi Musyun, sai ka sauka ka kira shi. Baki abin tsoro ne."

Adnan ya yi dariya. "Ya yi, Hajiya. Sai dai ya gan ni a ƙofar kamfani."

Wallahi na buɗe baki. Har na ce, "Kawu." Sai Adnan ya juyo ya daki kafaɗata.

"Auta, me zan kawo maka tsaraba? Sabon almakashi? Ko in sayo maka babba, na aski, ka ƙara sana'a?"

Kowa ya yi dariya, har Kawu ya murmusa. Ya ce, "Me za ka ce, Ɗan'auta?"

Na ce, "Ba komai, Kawu. Cewa zan yi gobe zan koma Jugu."

Wasan taubasai ne, na sani. Tun muna yara muke yin wanda ya fi wannan zafi. Amma ranar bai shige ni a matsayin wasa ba.

Na koma Jugu da abin a cikina. Lokacin ba saye, aikina in hau babur in zaga gonaki in ga yadda fure ya kama. Ina tafe kan jar hanyar Seru, bishiyoyi sun cika da fure, ƙamshinsa har cikin hanci, ni kuwa abin da nake gani shi ne Adnan. Ina ganinsa tsaye da sabuwar kwat da sabon akwati a gaban ƙofar ƙarfe mai kwaɗo, ba kowa sai kare. Ina ganinsa yana kiran waya da Ingilishin nan nasa ba mai ɗauka. Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi. Daɗin bai daɗewa, sai in ji kunya, in yi istigfari, bayan kilomita biyu kuma ya dawo.

Na yi ta ba kaina hujja. Na ce ni aji huɗu na yi a lakkwal, makarantar boko, wa zai saurare ni a gaban mai waya. Na ce wataƙila bana ba su rufe ba. Na ce ai ba a tambaye ni ba. Wannan ta ƙarshen ce ba ta zauna ba, don Kawu ya tambaye ni, da bakinsa.

Kuma na san ba Adnan kaɗai zai ji kunya ba. Sunan Kawu ne a takardar. Za a ce an gayyaci gidan Alhaji Muktar, sun aiko mutum ranar da ko mai gadi ba ya nan. Kawun da ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina ya sa mini sana'a a hannu. Duk na san wannan, amma na yi shiru kwana takwas.

Rana ta tara da hantsi ina share magaze sai ga Adnan ya sauko daga mota da farar riga.

"Sarkin almakashi! Ka ga baƙo ko ruwa babu?"

"Mutanen Biyetnam ai shayi suke sha," na ce. "Ka fara sabawa."

Ya zauna a bencin da Musyu Tam ke zama. Ya ce gobe zai tafi Kwatano ya yanki tikiti, amma yana so kafin nan in nuna masa yadda ake tsagawa. Na kawo ragowar akajun bara a kwano na miƙa masa almakashi. Na farko ya kuɓuce ya bugi bango. Na biyu ya murƙushe. A na biyar man ɓawon ya fantsamo masa a yatsa. Wanda bai sani ba, man nan ƙona fata yake kamar wuta. Ya miƙe yana yarfa hannu.

"Kai! Haka kake sha kullum?"

Na kama hannunsa na goga masa toka, na shafa masa man gyaɗa. Sai ya tsaya yana kallon yatsuna, duk sun yi baƙi sun saɓe tun shekaru uku.

Ya ce, a hankali, "Auta, tsoro nake ji. Idan suka ajiye mini akaju suka ce in duba fa? Na gaya wa Baba kai ya kamata ka je. Ya ce takardun jirgi da na kwangila za su ba ka wahala." Ya juya almakashin a hannunsa. "Ka ara mini wannan. In Musyu Tam ya gan shi zai san daga wurinka nake, ya sassauta mini."

Na so a ce bai faɗi haka ba. Da ya ci gaba da tsokana, da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki akaju ɗaya na tsaga, mai kyau ne, fari tas. Na ajiye shi.

"Kada ka yanki tikitin nan."

"Saboda me?"

Na gaya masa komai, bikin, da watan, da rufe kamfani. Ya ciro waya ya yi ta dannawa. Na ga fuskarsa ta canza.

"Ni ruwan sama kawai na duba," ya ce. "Ban duba mutane ba."

Tare muka shiga motar Paraku. Mun sami Kawu ya dawo daga azahar. Ya saurare mu bai katse ba. Hajiya daga bayan labule ta ce ita dai ba ta yarda a faɗa wa kowa rana ba.

Kawu ya ce, "Ba za a faɗa ba. Ɗan'auta, kira shi. Kada ka ce yaushe za a zo. Ka tambaye shi kawai, wane lokaci ya fi."

Na kira, na sa a lasifika. Musyu Tam ya yi ihu, "Ota!" har Hajiya ta leƙo. Da na tambaye shi, ya ce duk abin da za a yi kada a zo ƙarshen Janairu. Ya ce a zo Yuli. Lokacin jiragen ruwa sun iso da akajunmu, injuna na aiki ba tsayawa, mutum zai ga kayansa da idonsa. Na ce ruwa fa? Ya yi dariya. Ya ce a wajensu ruwan yamma ne, ya zuba awa ɗaya ya ɗauke, ambaliyar da ake nunawa can wani yanki ne kuma ba lokacin ba. Sannan ya ce, "Kai ne za ka zo, Ota?"

Na ce, "A'a, ɗan'uwana ne. Ka riƙe mini shi da kyau."

Da na kashe wayar Kawu ya dube ni.

"Tun yaushe ka san wannan?"

Da na ce yau na tuna, ba wanda zai ƙaryata ni. Adnan ma ya buɗe baki zai rufa mini. Na riga shi.

"Kwana tara, Kawu. Tun ranar da aka zaɓa."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na fi jin daɗi. Ya dube ni ya ce, "Na tambaye ka ranar." Na ce haka ne. Ya ce, "To." Ya ɗauki carbinsa ya shiga ciki. Duk kakar bana, in ya zo Jugu, gaisuwa ce da maganar kaya, ba ya zama shan shayi da ni kamar da.

Adnan ya tafi cikin Yuli. Ban san ranar ba, sai ji na yi ba ya nan. Wannan karon ni ma ba a gaya mini ba. Almakashin dai na ba shi tun kafin nan.

Bayan kwana huɗu da jin ya tafi, ya turo mini bidiyo. Ruwa na dukan kwanon rufi har ba a jin maganarsa sosai. Ya juya wayar, sai ga buhuna jibge har sama, kowanne da layi biyu na jan fenti a kunne. Musyu Tam ya shigo hoton yana ɗaga almakashina yana dariya. Adnan ya yi ihu, "Auta, buhunanka sun riga ka zuwa!"

Na kalla sau uku. Kishin nan ya sake taso mini, bai ragu ba ko kaɗan. Ban amsa ba sai da na yi la'asar. Sannan na danna na ce masa ya riƙa shafa mai kafin ya taɓa ɓawon, kuma ya dawo mini da almakashina.

Ran Juma'a Kawu ya zo magaze. Na nuna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar, ya dubi bencin, sannan ya zauna.

"Ɗora mana shayi," ya ce.