Jar Motar Auta

Tun daga ƙofar filin sayar da motocin Yaya ya hango motar, ya tsaya cak. Ja ce wur, mai ƙofa biyu, ta lafe ƙasa kamar kyanwar da ta ga ɓera. Irinta ce sak hotonta ke manne a bangon garejinsa tun yana saurayi, har hayaƙi ya dafar da shi. Shekara da shekaru yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, baƙin mai na ɗiga masa a fuska, ko tayar irin wannan bai mallaka ba. Yau ga Auta, ƙaninsa da ya goya ya share wa majina, wai shi zai saya. Auta fa! Mutumin da ko wurin zuba ruwan lagireto bai sani ba.

"Yaya, ka gan ta?" in ji Auta, bakin nan har kunne. "Dillali ya ce yadda ta fito daga kamfani haka take, ba a taɓa ta ba. Na ce ni dai sai yayana ya duba tukuna."

"To, a buɗe bonet," Yaya ya ce, ba yabo ba fallasa.

Kowa a gidansu ya san halin Yaya da kayan Auta. Da Auta ya gina gida, Yaya ya leƙa ya ce ɗakunan sun yi duhu. Da ya sami ƙarin girma a ofis, ya ce ai irin kujerar nan ba ta daɗewa. Inna har ta gaji ta ce masa, "Kai dai ba ka taɓa ganin abin ƙaninka ka ce madalla ba." Ya rantse gaskiya kawai yake faɗa, amma can cikin ransa ya san sunan abin. Hassada ce, kuma cinsa take.

Dillalin, wani mai tumbi da tarin makullai a hannu, ya ɗaga bonet yana zuba kirari. Injin fes, an wanke shi har da shafa mai. Yaya ya kunna fitilar wayarsa ya sunkuya.

Bai yi nisa ba ya fara gani. Notinan da suka riƙe ƙwaƙwalwar injin duk kawunansu sun ci sifana, liƙin kamfani da ke bakin akwatinta kuma an yanka an mayar da gam. Tiyon turbo, na'urar da ke ƙara wa inji iska, tsoho ne, amma ƙarfen da ya ɗaure shi sabo dal, alamar an cire wani an mayar da na asali kwanan nan. Ya zagaya ya zauna a kujerar direba. Gefen gilashin gaba akwai ɗan zagayen gam da wani ƙaramin rami, inda aka taɓa manna agogon auna ƙarfin turbo. Ya fita ya zura yatsa a bakin salansa, yatsan ya fito baƙi ƙirin.

Ai shi ke nan. Wani ɗan tsere ne ya riƙe motar nan, ya sa aka sake mata ƙwaƙwalwa tana shan mai da iska fiye da abin da injin zai ɗauka, ya gasa mata aya a hannu, sannan ya kwashe kayan ƙarin ya mayar da na kamfani don a sayar wa wanda bai sani ba. Irin wannan injin yakan yi ta tafiya lafiya, sai ranar da aka taka shi a babbar hanya ya buga.

Yaya ya miƙe yana goge yatsansa a wando. Ya dubi Auta da farar rigarsa yana shafa sitiyari. In ya faɗa, Auta zai nemi wata lafiyayya, wataƙila ma wadda ta fi wannan kyau, ya zo yana faka ta a ƙofar garejinsa. In kuwa ya yi shiru fa? Wata rana za a jawo jar motar nan da igiya, Auta na biye da ita kai a ƙasa. Wallahi sai da ya ji daɗin hoton nan a ransa.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Mota ta yi. Allah ya sanya alheri."

Dillali ya washe baki. Auta kuwa bai yi tsallen da Yaya ya zata ba. Tsayawa ya yi yana kallonsa, idanunsa suka kawo ruwa.

"Yaya, ka san tunda nake ban taɓa kawo maka abu ka ce ya yi ba sai yau?" Ya kama hannunsa mai baƙin mai ya riƙe gam, bai damu da farar rigar ba. "Duk hanya ina ta fargabar abin da za ka ce. Wallahi maganarka ta fi min motar. Bari ma ka ji, ƙarshen mako Inna zan fara ɗauka, mu je gidan Goggo ta babbar hanya, ta ga gudu."

Yaya ya dubi motar. Inna, a babbar hanya, cikin wannan? Daɗin da ya ji ɗazu ya koma masa kunya, har ya kasa kallon ƙaninsa.

"Auta, tsaya. Zo ka gani." Ya ja shi gaban motar, ya haska masa notinan da liƙin da aka yanka, ya nuna masa ramin da ke gefen gilashi, yana bayani. "An taɓa ta. An ƙara mata ƙarfi an wahalar da injin. Kada ka saya, don Allah."

"Haba malam!" in ji dillali. "Yanzun nan fa da bakinka ka ce lafiyarta ƙalau."

Auta bai ko dubi inda fitilar ke haskawa ba. Fuskar yayansa yake kallo, murnar nan tana gushewa a hankali. Ya saki hannunsa.

"Da ma na san ba za ka iya bar min ita haka ba," ya ce a sanyaye. "Ko na minti biyar, Yaya?"

"Wallahi wannan karon gaskiya nake faɗa maka."

"Wannan karon," Auta ya maimaita, ya gyaɗa kai.

Ya juya ya miƙa wa dillali hannu ya ce a ba shi makulli.