Abin da Dasom Za Ta Ci

"Romon nan, da me kuka haɗa shi?" Baba Pyo ya tambayi matar da ke bayan kanta. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji kamar mai neman alfarma a ofis.

"Taliya ce da ganye zalla, Baba."

"Ba ganyen nake tambaya ba. Ruwan."

Ta leƙa kicin ta tambaya, ta dawo. "Busasshen kifi ne ɗan kaɗan. Ai ba ya ma fitowa."

"Yana fitowa, 'yata. Tun daga bakin ƙofa na ji shi."

Wurin abinci na uku ke nan da muka shiga a filin shaƙatawar nan mai lilo kala-kala. Jikarsa Dasom tana bayana, ta ja wuyan rigar sanyinta har hanci, idonta a kan waya. Tun safe babu abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Shi ya so ya ƙunso mata abinci daga gida, ta ce ita ba 'yar firamare ba ce da za ta riƙa yawo da kwano.

Shekara goma sha ɗaya ƙofata na kallon tasu, a hawa na shida na wani tsohon bene a birnin Daegu. Baba Pyo ya yi shekara talatin da takwas yana sayar da romon ƙashin shanu a bakin kasuwa. Ɗansa, uban Dasom, ya rasu tana da shekara uku, uwar ta tafi aikin masana'anta a garin Changwon, yarinya ta tashi a hannun tsohon, cikin tururin tukunyar nan. Sai ranar nan, tana da goma sha biyu, ta ture kwano ta ce ta daina cin duk wani abu mai ido. Ba ta faɗi dalili ba, shi ma bai matsa ba. Da a nan ta tsaya da sauƙi. Awara ba ta ci, wai kamar jiƙaƙƙen soso take. Ƙwai ƙarni yake mata. Kimchi ma, kabejin nan mai tsami da yaji, ta bari saboda ruwan kifin da ake zuba masa, sai ya koma haɗa mata nata daban a 'yar ƙaramar randa. Ya daina shiga gida da nama. In kwaɗayi ya ishe shi sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan ta tafi makaranta, ya ci tsoka biyu a tsaye a kicin ɗina, ya kurkure baki da shayi, ya ce, "Maman Gitae, ba ki gan ni ba."

Ni na tuƙo su a ranar, wata Asabar a ƙarshen Oktoba. Da muka tsaya a wurin ajiye motoci Dasom ta ruga ta kama layin tikiti. Shi kuwa ya fito ya dafa murfin motar, ya daɗe bai saki ba. Leɓensa ya yi wani irin launi da ban so ba.

"Baba, lafiya?"

"Zuciyar ce. Tun Litinin da ta wuce likita ya so ya kwantar da ni. Na ce masa sai bayan Asabar."

"Mu koma gida, don Allah."

"Ƙarshen wata uwarta za ta zo ta ɗauke ta. Ta yi aure, ta sami gida mai ɗaki biyu. Tun yarinyar nan tana aji biyu nake mata alkawarin wurin nan, tukunya ba ta bar ni ba." Ya gyara hula. "Jibi ke za ki kai ni asibitin da hannunki, in kin ga dama ki ɗaure ni a kujera. Yau dai ki ƙyale ni. Kuma kada ki gaya mata."

Na kulle motar. Shekara uku ke nan, har yanzu in na tsaya ina wanke-wanke sai in ji ina ba shi amsar da ban ba shi ba.

Daga wurin taliya muka haura gangaren da ya bi ta ƙarƙashin jirgin wasan nan mai gudu a kan dogo yana kifewa da mutane. Duk bayan minti biyu ihu ya wuce ta saman kanmu. Na ce ya zauna da Dasom ni in zaga in nemo. Ya ce ni ban san abin da zan tambaya ba, za a ce mini ganye ne in karɓo. Gaskiyarsa ce. Mutum ne da ya san inda nama ke ɓuya.

A wuri na huɗu naɗin shinkafa ne, an riga an naɗe da siririn naman alade a tsakiya. Ya roƙa a yi masa ɗaya babu naman, suka ce a shirye ake kawo musu. Dasom ta ce ko an zare ma ai ya riga ya taɓa. A na biyar masara ce, amma a kan farantin ƙarfe ɗaya ake juya ta da tsiren kaza.

"Zomon gidanmu," ya ce mata yana haki, "da gidan zu muka kai ki da tuni kin ƙoshi. Sai ki bi layin raƙumin dawa."

Ta ɗan yi murmushi a cikin wuyan rigar. "Kai kuma a sa ka wajen kunkuru, Kaka. Dubi yadda kake tafiya."

"Kunkuru ai yana zuwa inda za shi."

Na kama hannunsa a hawan. Sanyi ƙalau, ga gumi a goshi.

A rumfar soyayyen dankalin turawa abin ya ɓaci. Layin dogo ne, yawanci 'yan makaranta sa'o'in Dasom, 'yan mata da kunnuwan kyanwa na wasa a ka. Da aka zo kansa ya fara: wane mai ne, a cikinsa ake soya kazar, kwando ɗaya ne ko biyu. Mai sayarwa ba ta sani ba, ta tafi kiran na gaba da ita. Layi ya tsaya. Wata a baya ta kwaikwayi muryarsa ƙasa-ƙasa, sauran suka ƙyalƙyale.

"Kaka, ya isa haka," in ji Dasom.

"Bari dai ya zo mu ji."

"Na ce ya isa. Ni na ce maka ina jin yunwa? Duk inda muka je sai ka tara mana mutane. Kunya kake ba ni."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma duk layin ya ji. Ya dube ta, ya dubi hannayensa, ya goge su a jikin wando kamar da akwai maiƙo.

"To," ya ce. "Ku je ku hau babban lilon ke da Maman Gitae. Ni tsayin nan jiri yake sa ni. Kafin ku sauko na samo."

"Baba, ka zauna a benci ka jira mu," na ce.

"Zan zauna."

Babban lilon shi ne mai kama da tayar keke, wanda ake hangowa tun daga babban titi. Ƙananan ɗakunan gilashi ne a jikinsa, kowane da kujeru biyu, a rufe ƙofa ta waje. Kusan minti goma sha biyar yake kafin ya zagayo. Dasom ta zauna tana kallon gefe guda, sai da muka wuce kan bishiyoyi ta juyo.

"Inna, na yi masa rashin kunya ko?"

"Kin yi."

"In mun sauka zan ba shi haƙuri. Ko me ya kawo zan ci."

Ni ƙasa nake dubawa. Ban sha wahalar gano shi ba, hularsa mai ruwan toka ita kaɗai ce ke tafiya a hankali a cikin taron. Bai zauna ba. Na ga ya tsaya a wata rumfa, ya cire hula, ya mayar, ya wuce. Ya kama turken fitila ya tsaya. Ya saki ya ci gaba. Can ƙarshen filin, kusa da katanga inda mutane suka yi ƙaranci, akwai wata amalanke mai hayaƙi. Nan ya nufa. Muna ta yin sama yana ƙara zama ƙarami, har ya koma kamar ƙwayar wake.

Muna dab da ƙololuwa ya juyo riƙe da jakar takarda a ƙirji. Ya yi taku kamar ashirin, ya sami benci a gindin wata bishiya mai jan ganye, ya zauna. Na ga hannunsa yana motsi a kan jakar. Sai ya ɗaga kai ya dubi lilon, yana bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya.

"Ga shi can," Dasom ta ce. Ta miƙe ta manne da gilashi tana ɗaga hannu biyu. "Ba ya ganin mu. Kaka, nan, nan."

Kansa ya sunkuya. A hankali kafaɗarsa ta karkata har ta jingina da hannun bencin. Hular ta faɗi ƙasa, bai ɗauka ba.

"Kalle shi, Inna, har ya yi barci. Haka yake yi a gaban talabijin." Ta ɗaga waya ta ɗauke shi hoto tana dariya.

Na ciro tawa wayar na kira shi. Tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira motar asibiti, na juya baya ina magana a cikin tafin hannuna, amma ɗakin bai fi tabarma ɗaya ba. Dasom ta daina dariya. Ta dube ni, ta koma ta dubi ƙasa. Ta kama ƙofar ta jijjiga.

Ban taɓa sanin abu mai nawa irin saukar nan ba. Kiɗan filin yana tasowa sama-sama. Mutane suna wucewa ta gabansa da balan-balan, wata mata ta tura keken jariri ta kauce wa hular. Sai da muka sauko daidai kan bishiyoyi wani mutum ya tsaya, ya sunkuya, ya taɓa shi, ya ɗaga hannu yana kiran jama'a. Daga nan ganye ya rufe mana shi. Dasom ba ta yi kuka ba. Ta ɗora goshi a gilashi tana cewa, "Yi sauri, yi sauri," ƙasa-ƙasa, ban san ko da lilon take ba.

Kafin mu iso ma'aikatan wurin sun kwantar da shi a ƙasa suna danna masa ƙirji. An buɗe rigarsa, singiletinsa fari tas, guga a jiki. Aka ɗora shi a gado mai taya, Dasom ta shiga motar tare da shi. Ni na tsaya na tsince hular, na ɗauki jakar takardar daga kan benci. Da zafinta. Na cusa su a jakata na bi su da mota.

Ƙarfe huɗu da wani abu likita ya fito ya tambayi waye nasa. Ya gaya mana rasuwar a taƙaice, ya sunkuyar da kai, ya koma. Na kira uwarta, ta ce ga ta nan a hanya, awa ɗaya da rabi. Muka zauna a kujerun roba na barandar, rana ta shigo ta tagar ƙarshe ta kwanta a ƙasa.

"Likitan ya ce tun Litinin ya kamata a kwantar da shi," in ji Dasom. Ba ni take kallo ba. "Inna, kin sani?"

Na so in ce a'a. Babu wanda ya rage da zai ƙaryata ni.

"Da safen nan ya gaya mini. A wurin ajiye motoci."

"Kuma kika bar shi yana ta hawa yana sauka."

"Na bar shi."

Ta tashi ta koma kujera ta gaba, ta bar ɗaya a tsakaninmu. Daga ranar har uwarta ta tafi da ita bayan jana'iza, gaisuwa kaɗai ta ƙara haɗa mu. Har yau in sabuwar shekara ta zo ina aika mata saƙo, ina ganin alamar ta karanta.

Na buɗe jaka zan ɗauko hankici, sai hannuna ya taɓa takardar. Na ciro na ajiye a kujerar da ke tsakaninmu. Ta daɗe kafin ta jawo ta ta buɗe.

Gasasshen dankali ne mai zaƙi, guda uku, na kan garwashi, wanda babu abin da ya taɓa shi sai wuta. Biyu suna nan da ɓawonsu. Na ukun an ɓare shi zuwa rabi, ga gurbin babban yatsa a jikinsa inda aka danna. Dasom ba ta cin ɓawo.

Ta ɗauke shi ta juya a hannu. Wata mai shara ta zo da bokiti, ta dube mu, ta zagaye ƙafafunmu ta wuce. Dasom ta sa farce daidai inda kakanta ya tsaya, ta ci gaba da ɓarewa a hankali, tana tara ɓawon a kan cinyarta.