Takin da Eggert Ya Zuba

Shekara ashirin da biyu Hinnerk makiyayi yana hana tudun nan abinci, da gangan. Haide, 'yar shukar nan mai fure shunayya, ba ta yi sai a ƙasar da ta talauce. Ƙasa na jin taki, ciyawa za ta taso ta shaƙe ta. Shi ya sa kullum yake hawa da tumakinsa masu ƙaho su cinye ciyawa da 'yan itatuwa, ya kuma koro su garke su sauke cikinsu a can, ba a kan tudun ba. Kowa a ƙauyen ya san haka, har karen limamin coci.

Sai gwiwa ta kai shi asibiti, sati uku. Ya bar wa mijin ƙanwarsa Eggert amanar tumakin. Eggert kuwa manomin dankali ne daga wani ƙauyen, kuma a nan aka samu matsala.

Ran da Hinnerk ya dawo yana dogara sanda, hancinsa ne ya fara ba shi labari.

"Eggert, warin me nake ji?"

"Kyauta ce, Yaya!" Eggert ya washe baki. "Tanki huɗu na ruwan kashin shanu. Na dubi ƙasar nan taka, duk yashi, har ta ba ni tausayi. Ko gyauron dankali ba zai fito a wurin ba."

"Wa ya ce maka dankali nake nema?"

"To, ai ƙasa ƙasa ce."

Kai, jama'a! Mutumin da shekara talatin yake shan zumar haide a teburinka, bai taɓa tambayar yadda ake samun furen ba. Takaici ya cika Hinnerk har ya rasa zagin da zai fara da shi. Ga shi ba mugunta ba ce, balle ka rama.

Watan Agusta ya zo, lokacin fure. Tudun ya yi kore shar, ciyawa har gwiwa, shunayya sai ɗigo-ɗigo. Eggert ya biyo shi, yana murza hula a hannu.

"Yaya, shekara nawa kafin ta dawo?"

"Kamar ashirin."

Eggert ya yi lissafi a ransa. Shi ne ya yanka kek ran da Hinnerk ya cika saba'in da uku.

Hinnerk ya yi wa karensa fito, ya kora tumakin cikin ciyawar.

"Ku ci," ya ce musu. "Ko ba ni ba, wani zai ga furen."