Tuwon Dawar Hajo

Shekara talatin da huɗu Hajo tana tuƙa tuwo a gidan mijinta Malam Abdulhamid a Ƙofar Kibo, ba wanda ya taɓa kushe girkinta, sai shekarar da likita ya ce Malam yana da ciwon suga.

Babban ɗansu Sagiru a Abuja yake aiki. Da jin labari ya taso ranar Asabar da mota shaƙe da kaya. Mota ba ta shiga lungunsu, sai da aka yi sahu uku kafin a gama kwasowa: katan-katan na lemon kwali mai hoton abarba, kwalaben malt, buhun garin alkama, da galan guda na zuma.

"Mama, daga yau a ajiye dawa da kuka," in ji shi. "Abincin da ne, ba abin da yake ƙara wa jiki. Alkama ake ba masu suga. Shayi kuma a sa masa zuma maimakon sukari. Wannan lemon ruwan 'ya'yan itace ne, ya sha duk lokacin da ya ji ƙishi. Malt da madara kuwa su ƙara masa jini."

Hajo ta dubi kayan, ta dubi ɗanta. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta tsaya musu da shi. Kuma ta san ƙauna ce ta sa shi. Ta ce, "Allah ya yi albarka," ta ɗauke garin dawarta ta kai ɗaki.

Wata biyu ana bin wannan tsari. Malam yana shan magani a kan lokaci, yana cin tuwon alkama malmala uku saboda an ce ba ya cutarwa, yana korawa da lemon kwali. Amma kullum ƙara ramewa yake. Ƙishirwa ba ta sakinsa, fitsari ba ya barinsa ya zauna a zaure ya yi karatu. Har sallar Juma'a ta fara yi masa nisa.

Ranar komawa asibiti Hajo ta yafa mayafi ta bi shi. Likita ya duba sakamakon gwaji ya girgiza kai, ya tura su wani ƙaramin ofis wajen mai ba marasa lafiya shawara kan abinci. Wata matashiya ce 'yar Tudun Jukun, sunanta Fiddausi.

"Baba, faɗa mini duk abin da ya shiga bakinka jiya," in ji ta.

Malam ya zayyana mata, har da ɗan alfahari, don a ganinsa abincin masu hali yake ci. Fiddausi ta ajiye biro.

"Baba, lemon kwalin nan da malt, sukarin da ke cikinsu ya fi wanda ka daina sawa a shayi. Kuma malt ba ya ƙara jini. Zuma tana da amfaninta, amma tana ɗaga suga kamar yadda sukari yake yi. Alkama kuma hatsi ce kamar sauran, in ka ci malmala uku, ka ci malmala uku." Ta juya wajen Hajo. "Mama, kafin ciwon nan me kike dafa masa?"

Hajo ta sunkuyar da kai. "Abincinmu na gida ne, 'yar nan. Ba wani abu ba."

"Shi nake son ji."

A hankali ta fara: tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, miyar kuɓewa, kwaɗon zogale da ƙuli, faten wake da alayyafo, rama in damina ta yi. Tun tana faɗa da kunya har murya ta buɗe, ta shiga bayanin yadda take shanya zogale a inuwa don kada ya yi ja, da yadda ba ta barin ganye ya dahu har ya mutu. Fiddausi tana ta rubutu.

"Wa ya koya miki shanyawa a inuwa?"

"Kakata."

"Mu sai da muka je jami'a aka faɗa mana. Mama, ki koma kan girkinki. Sai dai a kula: tuwo malmala ɗaya, miya da ganye su fi shi yawa. Kunu da fura kuma kaɗan, ba sukari. Magani kada a fasa."

"To ai shi ne ba ya ƙoshi da ɗaya," in ji Hajo.

"Zan koya," in ji Malam, yana kallon ƙasa.

Da suka dawo, Malam da kansa ya kira Sagiru a waya ya maimaita masa komai. Da Sagiru ya gama ji, sai ya ce a ba shi mahaifiyarsa.

"Mama, ki yafe mini. Na zo na raba ki da abin da kika fi ni sani."

"Ba komai. In za ka zo, ka taho da busasshen kifi."

Sati shida bayan nan aka sake gwaji, suga ya sauko sosai. Malam ya koma takawa zuwa masallaci da ƙafarsa. A ranar ce Fiddausi ta roƙi Hajo alfarma: duk Alhamis masu ciwon suga da iyalansu suna taruwa a rumfar asibiti, ko za ta zo ta nuna musu girki? "Ni in na faɗa, sai su ce boko ne. Ke za su ji."

Hajo ta ce ba za ta iya tsayawa gaban jama'a ba. Malam ya ce za ta iya.

Ranar Alhamis ta zo da kwano biyu, ɗaya na kwaɗon zogale, ɗaya na faten wake. Mutum kusan arba'in ne a kan benci. Ta fara yi musu bayani. Sai wata Hajiya mai zoben gwal ta ce ita lemon kwali take ba mijinta, don ta ji ana cewa ya fi zoɓo tsabta.

"Hajiya, ni ma na ba nawa," in ji Hajo. "Ga shi can baya, ki tambaye shi yadda ya ƙare. Ki jiƙa zoɓonki da citta da kanumfari, ki hana shi sukari, kin gama."

Aka yi dariya, Malam ma ya ɗaga hannu yana murmushi. Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa har azahar, kwanukan biyu kuwa aka sharce su tas. Mata uku suka nemi kwatancen gidanta.

A bakin titi Malam ya tsayar da keke napep, ya karɓi kwanukan daga hannunta ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wa mai keken, "Ƙofar Kibo. Ka bi a hankali, malama ka ɗauko."

Hajo ta ja mayafi ta rufe baki, ta shiga ta zauna.