Harshen da Inna Ta Koma

Ranar da Barau ya sauka daga motar Birnin Kudu da ƙatuwar kwat a kafaɗa, mutanen Basirka sun ɗauka likita gwamnati ta dawo musu da shi daga Rasha. Shi kuwa ilimin harshe ya karanto. Shekarunsa na Mosko sun ƙare ne wajen tono tsohon harshen da ya haifi Rashanci da danginsa, harshen da masu shi ba su taɓa rubutawa ba.

Ƙanwarsa Safiyatu ta tambaye shi yadda ake jin maganar matattu. Ya yi mata misali da madara: Rashawa na cewa moloko, mutanen Folan mleko, in aka jera su sai a gane melko kakanninsu ke cewa. Har siga ta musamman gare su ta ambaton abu biyu, dabam da jam'i. Ta bari ya kai aya, sannan ta ce ya shigo ya ga Inna.

Tun damina ɓarin jikin Inna Batulu ya shanye, Hausar bakinta ta tafi. Sai Fulatancin ƙuruciyarta ya rage, wanda ta ajiye tun da aure ya kawo ta gari, ba ta koya wa 'ya'yanta ba. Barau ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi, ta faɗi wata magana. Kullum ya shigo sai ta maimaita. Kunnensa ya kama kowane sauti daram, amma ko kalma ɗaya bai gane ba.

Maƙwabta sun so fassarawa, muryar ta yi musu rauni. Aka aika garin Sara a kira ƙanin Inna, wanda kowa ke ce wa Bappa Dabo. Aka tarar ya tafi da shanu mashaya mai nisa. Kafin ya iso an kai ta makwancinta.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Barau ya zauna kusa da Bappa Dabo, ya maimaita maganar yadda ta fito daga bakinta.

"Faɗa mini, Bappa."

"Cewa take a ba baƙon nan ruwa, daga nesa yake. In ya huta, a tambaye shi ko ya ga Barau a can."

Safiyatu ta tashi ta shige ɗaki. Bappa Dabo ya jawo buta, ya ce la'asar ta yi.