Jarrabawar Janar

Isiyaku ya buɗe laima farat ɗaya a gaban hancin karen. Janar bai tsaya ganin abin da zai biyo baya ba, ya shige ƙarƙashin bencin zaure har wutsiya, ya saki fitsari.

"To, ɗaya ke nan," in ji Isiyaku.

Muttaka ya share gumi. "Bai saba da laima ba ne, Oga."

"Da ɓarawon ya saba?"

Isiyaku tsohon ma'aikacin wani kamfanin gadi ne, ya shekara goma sha biyar yana horar da karnuka. Muttaka ne ya ɗauko shi takanas zuwa gidansu a unguwar Zaitawa don ya duba ko Janar zai horu. Sau biyu 'yan ƙwacen waya suna tare Muttaka a lungu in ya taso daga shagonsa na Ƙofar Wambai, na biyun har da yanka a hannu. Shi ne ya karɓo kwikwiyo a rugar kawunsa, ya raɗa masa Janar, wai ko sunan zai bi shi. Ina!

Matsalar kuwa mahaifiyarsa ce, Hajiya Hajo. Ranar da aka kawo karen ta aika aka tambayo malamin unguwa, ya ce kare in na gadi ne ko kiwo ko farauta babu laifi, in ba haka ba bai halatta a ajiye shi ba. Ta ba da wata shida, yau suka cika. In bai iya gadi ba, a kai shi bayan gari a yar. Muttaka kuwa kunya ce ta hana shi faɗa, amma son karen nan yake kamar me.

Isiyaku ya naɗe hannunsa da buhu da tsohon bargo, ya ɗaga sanda ya yi kan Muttaka da ihu. Janar ya leƙo, ya ga za a hallaka ubangidansa, ya lallaɓa ya fita tsakar gida yana karkata kai kada bakinsa ya goga wandon Isiyaku.

Isiyaku ya sauke sandar. "Wa ya koya masa kauce wa tufafi?"

Muttaka ya sosa ƙeya. "Hajiya ce, saboda najasa. Ranar da ya lashi kwanonta wanki bakwai aka yi, shi kuma ya sha muciya."

"Tabɗi! Ka kawo min karen da ya fi ni kiyaye tsarki, ka ce in koya masa cizo?"

"Don Allah, Oga, in ta tambaya ka ce da alamar nasara."

"In yi wa sa'ar uwata ƙarya? Matsoraci irin wannan in aka matsa masa, ba ɓarawo zai kama ba, baƙon da ya yi sallama zai ciza."

Sai ga Hajiya Hajo ta ɗaga labule, da alama tun ɗazu take tsaye. Janar na laɓe a bayanta, ya bar taku biyu tsakaninsa da zanenta.

Isiyaku ya durƙusa ya gaishe ta. "Hajiya, gaskiya wannan ko ƙadangare ba zai kora ba."

Ta juya ta daɗe tana kallon karen. Shi ma yana kallonta.

"Malam cewa ya yi kare mai gadi," in ji ta. "Ya faɗi abin da za a yi gadinsa?"

Muttaka ya ce, "A'a, Hajiya."

"To, daga yau gadin turmina yake. Wata shida yana kwana a gindinsa, an sace?"

Isiyaku ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Ni fa, Hajiya?" in ji Muttaka. "Wa zai raka ni lungun?"

"Kai ka dinga rufe shago da la'asar." Ta saki labulen. "Kuma ka wanke min zauren nan. Ɗan yaron nan ko karyawa bai yi ba kuka tasa shi gaba da laima."